Jaririn 'Yan Rami

Littafin ya shigo hannuna ne ta wajen wani abokina ɗan Agadas, mai kai baƙi 'yan yawon buɗe ido dutsen Assekrem. Wani Bafaranshe ne ya bar masa shi, haɗe da 'yar jaka cike da ƙwayoyi irin na lido, sai dai waɗannan akwai mai fuska takwas, akwai mai fuska ashirin. Abokin nawa yana jin Faransanci a baki amma ba ya karanta shi. Ni kuwa na yi lekkol, wato makarantar boko ta Faransanci, a Damagaram kafin Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauko ni in riƙe masa butik ɗinsa na atamfa a Tamanrasset. Shi ya sa aka kawo mini.

Sati biyu na yi kafin in gane wasa ne. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. In ka ce za ka tsallake rijiya ko ka sari maƙiyi, sai ka jefa ƙwaya, ita za ta faɗi ko ka yi nasara. Muka fara yi ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da Kawu ke tafiya gida ya kwanta sai la'asar. Mu uku ne a bayan butik, tsakanin dilolin atamfa: ni mai ba da labari, ɗan Agadas, da wani magini ɗan Maraɗi da ya taɓa gyara mana dakali muka saba.

Tun ranar farko hankalina bai kwanta ba. A tsakiyar littafin akwai shafuka da aka jera gumaka, kowanne da sunansa da hotonsa da masu bauta masa. Na sa gam na manne su. In labari ya biyo ta kansu sai in ce sarakuna ne na dā. Duk da haka, kowace Juma'a ina labari kunnena na bakin ƙofa, in babur ya tsaya a waje sai in rufe littafin.

Abin da ban manne ba shi ne shafin wasu halittu da na raɗa wa suna 'yan rami. Littafin ya ce da mugunta ake haifarsu, ba sa shiryuwa, suna ƙetaro hamada garke-garke su tare a kogunan bayan gari, kuma wanda ya kashe su bai yi laifi ba. Haka na fassara musu da Hausa, ina ƙara gishiri don wasa ya yi armashi. Ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskar maginin ba. Na san su goma sha wani abu ne suke kwana a wani kango a bakin gari, na san kullum da asuba yana tsaye a gefen titi yana jiran mai neman leburori, amma ban haɗa wannan da wancan ba.

Wata Juma'a, a cikin wasan, suka ci kogon 'yan rami da yaƙi. Na duba littafin, na ce musu a can ƙuryar kogon akwai mata, ɗaya ta mutu, jaririnta na kuka a gefenta.

Ɗan Agadas ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwaya. Ya ce, "Mu ƙarasa su mu wuce."

Maginin ya dafe ƙwayar da tafinsa. Ya dube ni ya ce, "Watansa nawa?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"To me ya yi?"

Ɗan Agadas ya yi dariya. "Kai, wasa ne fa. Ba mutane ba ne. In ka bar shi ya girma, shi zai yanka ka. Ai ka ji abin da aka karanta."

"Na ji. Sati nawa ina ji." Muryarsa ta soma tashi, mutumin da ko gaisuwa a hankali yake yi. "Shekaranjiya ina yaɓe a wani gida, na roƙi ruwa. Da na sha, matar ta jefa kofin a shara a gabana. Mijinta ya ce wa ɗansa kada ya matso kusa da ni, irinmu da sata ake haifarmu. Yau kuma in zo nan, da Hausa, a ce mini in kashe jariri don irinsu haka suke?"

Ɗan Agadas ya ce shi ma an sha faɗa masa magana a garin nan, amma bai kawo ta cikin wasa ba. Maginin ya ce ba shi ya kawo ta ba, a ciki ya tarar da ita. Murya ta hau murya. Ina ta cewa su yi a hankali, ban ji buɗe ƙofa ba.

Kawu ne. Wani mai dabino daga Abalessa ya kira shi a waya zai kawo saƙo, shi ya sa ya dawo da wuri. Ya tsaya da carbi a hannu yana kallon ƙwayoyin a kan tabarma. Abin da ya zo mini a rai shi ne mahaifiyata, da yadda za a ce mata an maido ɗanta saboda caca.

"Caca kuke yi mini a butik?"

Na ce, "Wallahi Kawu ba caca ba ce, ba a sa ko sisi. Labari ne."

Ya zauna a kan dila, ya ce in ba shi littafin. Bai iya karatun boko ba, hotuna yake bi. Da ya zo wurin da na manne, ya sa farce ya ɓamɓare. Ya daɗe yana kallon wani mai kai uku. Ya yi istigfari, ya ce, "Ka san abin da ke nan, shi ya sa ka rufe."

"Na sani, Kawu."

"Gardamar me kuke yi?"

Ɗan Agadas ne ya yi masa bayani, da ladabi, yana ce masa Alhaji. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wa ya halicci waɗannan 'yan ramin. Na so in yi ƙarya. Na ce littafin ya ce ɗaya daga cikin gumakan ne ya yi su, don su yi ɓarna.

"To ka ji. Sai da suka ƙago wani mahalicci kafin su samu jaririn da za a kashe ba laifi. Wanda ya halicce mu bai aiko kowa duniya da zunubi a wuya ba." Ya juya wajen maginin. "Kai ɗana, me ka ce za ka yi da shi?"

Maginin ya sunkuyar da kai. "Ɗaukarsa zan yi, Alhaji."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya rufe littafin ya miƙa wa ɗan Agadas, ya ce daga shi har ƙwayoyin kada su sake kwana a butik ɗinsa, shi bai yarda da jefa ƙwaya ba ko da kuɗi ko babu. Da suka fita, ya ce mini, "Gumakan ka ji tsoro ka rufe. Wannan kuwa da bakinka ka fassara wa ɗan'uwanka, sati da sati."

Kwana huɗu ina jiran hukunci. Duk sanda ya ɗaga waya sai in kasa kunne in ji ko Damagaram ya kira. Abinci ma ban ci na kirki ba. A rana ta biyar ya aike ni dowan, ofishin kwastan, karɓo wasu takardu kamar yadda ya saba, na gane ba zai kore ni ba.

Na je shantiye, wurin ginin da maginin ke aiki, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, yana ta kwaɓa siminti bai dube ni ba. Har na juya ya ce, "To jaririn fa? Haka za a bar shi a kogo?"

Muka koma yi a tsakar gidan ɗan Agadas, ba littafi. Na rubuta lambobi a guntayen takarda muna zara daga cikin hula. Ban san ko hakan ya fitar da mu daga abin da Kawu ya hana ba, kuma na kasa tambayar malami, don ina tsoron amsar. Maginin ya goya jaririn a bayan mayaƙin da ya ɗauka a labarin. Ya hana a shiga kowane yaƙi sai an samo masa nono, dole na ƙago wata raƙuma a hanya. Ɗan Agadas yana ta mita, amma da 'yan fashi suka tare su, shi ya tsaya a gaba.

Juma'a uku muka yi haka. A ta huɗu maginin bai zo ba. Wani da suke kwana tare ya ce ya samu aikin gini a In Amguel, can arewa, ya bi kamyo, babbar motar kaya, tun Laraba. Na kira lambarsa, a kashe. Na sake kira washegari, da jibi, da sati mai zuwa. Lokacin ana ta raɗe-raɗin kwashe marasa takardu a hanyar arewa, shi kuma na san ba shi da su.

Har yau lambar ba ta shiga. Duk direban da ya sauko daga arewa ya shigo sayen atamfa, sai na kwatanta masa maginin: dogo, mai tabo a haɓa, ba ya ɗaga murya. Wani ya ce kamar ya gan shi yana ɗora bulo a bakin hanya. Wani ya ce masu irin wannan kama suna da yawa.