Gwaggo Tela, wadda aka kira marar kunya

Kullum da safe Gwaggo Tela takan share ƙofar shagonta, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta rataya tef ɗin awo a wuya, sannan ta ja labulen da ya raba shagon biyu. A bayan labulen nan take auna mata. Duk wadda ta taɓa shiga ta san Gwaggo ba ta gaggawa idan tef ya zo ƙirji. Tana ja a hankali, idonta na kan fuskar mai riga.

A wajenmu, idan aka ce wance mace ce mai kunya, an gama yabo. Ana nufin ba ta ɗaga murya, ba ta kai ƙara, ba ta faɗin abin da ke ƙarƙashin zanenta. Da wannan kalma aka raine mu, kuma ban ce ba ta da kyau ba. Amma na ga mata suna lulluɓe ciwo da ita har ya ci ƙarfinsu, mu kuwa muna ta yabon kunyarsu.

Ita Gwaggo, marar kunya aka daɗe ana kiranta. Mai sayar da zare da ke maƙwabtaka da ita ya ba ni labarin wata matashiya da ta zabura lokacin da tef ya taɓa ta. Gwaggo ta ce, "Yaushe ciwon nan ya fara?" Washegari mijin ya zo yana kumfar baki: "Ɗinki na kawo, ba bincike ba!" Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ka kai ta asibiti tukuna, ɗana, ka dawo ka zage ni a tsanake." Bai dawo zagin ba. Matar tana nan da ranta, yanzu 'ya'yanta take kawowa awo.

Kwanan baya abin ya zo gidanmu. Na raka Mama awon rigar bikin jikarta. Mahaifiyata kuwa ita ake nuna wa 'yan mata idan ana zancen kunya. Ina zaune a waje sai Gwaggo ta leƙo ta ce in shigo. Mama ta janyo mayafi ta ce: "Haba, a gaban 'yar cikina?"

Gwaggo ta ce, "Yaya, ai nonon nan ita ta sha shi, ba baƙonta ba ne. Gaya mata tun yaushe kike jin ƙullin nan."

Mama ta sunkuyar da kai. Ashe tun bara.

Yanzu tana kwance a asibiti, ana shirin yi mata aiki. Likita bai ɓoye mana ba, sai an buɗe za a san ko mun zo da wuri. Tsoro nake ji. Ga wani tsoron kuma: idon Gwaggo ya yi rauni, 'ya'yanta sun ce ta rufe shago ta huta. Teloli na yanzu kuwa cewa suke a turo musu awo ta waya. Wa zai kalli fuskar iyayenmu?

Gwaggo, ke ce kika yarda a ɓata miki suna don wata ta rayu. Ke ce kika rufa asirin duk wadda ta shiga bayan labulenki, ba ki taɓa kai zancenta bakin titi ba. Idan wannan ba kunya ba ce, to ban san ma'anarta ba. Mun gode, uwar mata. Masu kitso, masu ɗinki, 'ya'ya da ƙanne, ku yi koyi da ita: ku tambaya, ko da za a ce ba ku da ta ido.

Jiya na je karɓo yadin Mama, tunda shagon zai rufe. Gwaggo ta ɗora hannu a kansa ta hana ni.

"Ban yanka ba," in ji ta. "Bayan aiki jiki zai canza, awon farko ya tashi. Ta dawo da ƙafarta in sake auna ta, sannan in rufe."

Yadin na nan a ninke a kan keke. Yau ma ta share ƙofar shago.