Dattijon da Ke Sauraron Bidiyo

A rumfar Ilu mai gyaran rediyo a kasuwar Maigatari, wani dattijo yana ɗora kunne a kan kowane injin bidiyo da aka kunna masa. Rigarsa ta sha guga har ta koɗe, da gani tsohon ma'aikaci ne. Kowanne ya saurara sai ya girgiza kai, wai injin yana ƙugi.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Baba likita, ciki gare shi?"

Aka kwashe da dariya. Ya shafa kaset ɗin da ke hammatarsa.

"Ɗana, marigayiya matata ce a ciki, tana waƙa a coci. Muryarta siririya ce, ƙarar inji na danne ta."

Ya mayar da kunnensa. Da ma tun farko na kama bakina.