Hannun da Na Hana Kawu a Tudun Wada

Mun tashi daga Riruwai da asuba, ni da ƙanena, za mu Kano wankin ƙoda. Shekara biyu ke nan ina wannan zirga-zirga, har ramukan hanyar Doguwa sun san ni. Na kama kujerar bakin taga, na ɗaura takunkumin fuska. Likita ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye: murar da mai lafiya zai kora da shayin citta, mu masu wanki tana iya sauka mana a huhu.

A dajin Falgore wani fasinja ya shiga atishawa kamar an biya shi. Aka ce in rufe taga, wai sanyi. Na ce sai dai a sauke ni birai su ƙarasa da ni. Direba ya tuntsire da dariya, taga ta zauna a buɗe.

A Tudun Wada muka canja mota. Kuɗin mota ya sake hawa, ƙosai kuwa ya ƙanƙance. Nan kawuna ya hango ni, ƙanen mahaifiyata, dattijon da ya yi mini aure. Ya taho yana tari, ya miƙo hannu. Na durƙusa daga nesa, na dafe ƙirji.

"Kawu, a gafarce ni, yau ba hannu."

"Ni za ka bari da hannu a iska? Ciwon naka har da girman kai?"

Duk tasha ta zuba mana ido. Wallahi na ji zafi har cikin raina, amma hannuna bai bar ƙirji ba. Ya juya ko sauka lafiya bai ce ba.

A Kwanar Dangora ƙanena ya ci soyayyen kifin Tiga, ni na ci ƙamshi, don gishiri da ruwa duk a kan awo nake.

A asibiti aka jona ni da inji. Gadon kusa da nawa na wani malamin makaranta ne daga Yako, abokin hirata, sai na ga baƙuwar fuska a kai. Nas ta ce malamin mura ya kwaso a wajen suna, ta zama ciwon huhu, kwana shida aka kai shi makwancinsa. 

Washegari da la'asar muka dawo gida, na tarar labari ya riga ni: wai na wulaƙanta kawu. To, su faɗa. Tafiyar nan ta koya mini kunya ma tana kashe mutum. Zan aika masa goro in ba shi haƙuri, amma hannu kam sai tarinsa ya warke. Gara ya yi shekara yana fushi da ni, da ya tsaya a sahun gaba yana yi mini salla.