Allura Biyu a Ɗakin Rigunan Mawaƙa

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, mijina ya shigo da waya a hannu ya ce matar fasto ta rasu. Mama, har yau kunnena bai saba da wannan magana ba.

Wasu za su tuna ki da muryarki a zumuntar mata ta coci. Ni ɗakin bayan coci nake tunawa, inda ake rataye rigunan mawaƙa. Can kike kiran duk amaryar da kika ga fuskarta ba walwala, ki miƙa mata allura da rigar da ta farke. Kin san idan ido yana kan zare, baki ya fi sakewa.

Watana huɗu da aure na shiga ɗakin nan. Tun ina yarinya ake ja mini kunne cewa sha'awa zunubi ce, ba wanda ya gaya mini inda dokar ta tsaya, sai na kai ta har gadon aurena. Ina kwana da zane ɗaure tamau, idan mijina ya taɓa ni in durƙusa in roƙi Allah gafara. Bawan Allah ya ɗauka ƙyamarsa nake yi. Ya koma kwana a falo, har ya fara maganar mayar da ni gidanmu.

Kika saurare ni har na gama ɗinke hannun riga ɗaya. Kika ce tsare kai kafin aure gaskiya ne, amma ba a ɗaura mini aure don in zama mai gadin zane ba. Na yi dariya ina hawaye.

"'Yata," kika ce, "wanda ya halicci jikin nan bai ji kunyarsa ba. Je ki gida. Mijinki kyauta ce, ba jaraba ba."

Ni da mijina, shekararmu ashirin da shida ke nan tare. Auren 'yar farinmu saura mako uku, kuma irin jan kunnen da aka yi mini shi na yi mata. Na bar sauran maganar gare ki, don bakina nauyi gare shi. Kullum ina cewa sai Lahadi mai zuwa zan kawo miki ita. Ina kewarki, Mama, kewa mai ciwo.

Jiya na ɗauko rigata mai kyau na farke hannunta da gangan, na zura wa allura biyu zare, ɗaya tawa, ɗaya ta 'yata.

Ubangiji ya karɓe ki cikin jinƙansa, ya ba ki hutawa. Ya ta'azantar da Baba fasto, da 'ya'ya da jikoki, da dukan ikilisiya. Ni kuma ya buɗe mini baki idan yarinyar ta zauna. Amin.