Labulen bosho da idon Inna

Ni mutum ne da Allah ya hore wa ciki. Abokan aikina malaman lakwal, wato makarantar boko, shaida ne: in aka ajiye tire a tsakiya, kowa addu'a yake a zuci kada in zauna kusa da shi. To, irin wannan mutum ne aka wayi gari ya kasa tauna a cikin gidansa.

Da damina ne, muna cikin bakansi, dogon hutun makaranta, uwar yarana ta sauka, haihuwa ta uku. Ta fari da ta biyu a gidansu ta yi wanka, wani ƙauye gaba da Tabotaki. Wannan karon likita ta ce kada a ɗora ta a mota a kan waccan hanya mai duwatsu, sai tsohuwarta ta ce ita za ta taho Madawa ta yi mata wankan jego. Inna ta sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da ƙunshin kanwa da yaji da ganyen wanka, da wata tukunya wadda za a iya tsoma jaki a ciki har kunnuwansa.

Gidan da muke haya ɗaki guda ne babba, sai tsakar gida, sai rumfar kara a jikin katanga. Babu zaure, ƙofar kwano ce ke buɗewa kai tsaye ga titi. Inna da mai jego da yara suka kama ɗaki, ni na kwashe tabarmata da rediyo na koma rumfa. Rumfar kuwa bakinta a buɗe yake, yana kallon murhu, kuma a bakin murhun nan Inna take wuni, tana hura wuta, tana dama kunun kanwa, tana gasa nama.

Shekara goma da aurena, wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin muƙamuƙina yana motsi ba. In na je ƙauyensu a ɗakin baƙi ake kai mini akushi, a ja ƙofa, in yi abin da zan yi, in goge baki, in fito kamar mai azumi. Ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabanta ba. Yanzu ga ni ga ta, babu abin da ya raba mu sai hayaƙi.

Ranar farko aka ajiye mini tuwo, na zauna ina kallonsa yana kallona har ya yi sanyi. Na jira ta shiga ɗaki, na kai loma ɗaya, sai ga ta ta fito ɗaukar ludayi. Lomar nan na riƙe ta a kunci har ta gama wanke ludayin, ta wanke ƙwarya, ta wanke wata ƙwaryar da ba ta yi datti ba. Kashegari na sulale tasha na zauna wurin mai tuwo. Ban kai rabin kwano ba uban wani ɗan ajina ya dafa kafaɗata, ya tambaye ni a hankali ko lafiya muke da iyali, ya ce in akwai abin da manya za su shiga, shi a shirye yake. Kafin la'asar rabin unguwa ta san mushe, wato ni malamin lakwal, ya daina cin abincin gidansa, matarsa na cikin jego. Matata ta ji, ta ce in na sake zuwa tasha in kwashe tabarmata in tare can.

A kwanakin nan na rame. Matata ta ce ƙarya nake, amma ni na san wandona ya fara yi mini magana.

Sai dabara ta zo mini: labule. In na tare bakin rumfa, ni ina ciki, Inna tana waje, kowa ya riƙe mutuncinsa. Yadin rido, labulen kanti, ya fi ƙarfin rumfar kara, don haka ranar kasuwa na nufi layin ƴan bosho, masu gwanjo, wajen wani mai sayar da tsofaffin zannuwan gado da tawul da mayafan tebur. Ya kwance sabuwar dila kenan, mata sun rufe shi kamar ana rabon sadaka. Na kutsa da tumbina, na ce ina son zane mai kauri wanda ko inuwar mutum ba ta ratsa shi.

Ya tona, ya tona, ya jawo wani abu shuɗi mai zanen jiragen ruwa, faɗinsa kamar garka. Da muka ware shi sai muka ga ninki biyu ne, an ɗinke gefe uku, gefe na huɗu a buɗe da maɓallai jere. Babu wanda ya san ko mene ne. Mai bosho ya rantse mini cewa a ciki Turawa suke kwana saboda sanyi, miji da mata su shige, su maɓalle bakin daga ciki. Wata mata ta ce rigar katifa ce. Wani tsoho mai sayar da igiya a gefe ya leƙo ya ce buhun auduga ne na masu kuɗi. Daga baya, shekaru bayan haka, na gani a gidan wani ɗan'uwa a Yamai cewa bargo ake zurawa a ciki. A ranar dai abin da na gani shi ne ninki biyu, na ce wannan ko fitilar kamiyo aka haska ba za a ga mai cin tuwo a bayansa ba.

Telan unguwarmu ya so ya farke shi ya fitar da labule biyu. Na hana. Na ce kaurin na saya, ya bar mini shi yadda yake. Da yake bakin rumfa ya fi tsawo ta faɗi, a kwance muka auna shi, ya yi kalmasa a gefe ɗaya inda waya za ta shiga. Na kafa ƙusa biyu a jikin dirkoki, na ɗaura waya, na rataya. Bakin buhun ya faɗa ta gabas. Matata ta leƙo, ta ga maɓallan farare masu kyau, ta ce asara ce a bar su a jikin labule alhali rigar babban yaronmu saura maɓalli ɗaya. Ta sa reza ta cire su tas.

Kai, na ji daɗin duniya a bayan jiragen ruwan nan. Akushi yana shigowa ta ƙarƙashi, ya fita fayau ta ƙarƙashi. Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, sai dai ta ɗaga murya ta ce wa ɗiyarta a tambayi mai gida ko a ƙara miya, ni kuma in yi gyaran murya sau ɗaya, wanda a wurinmu yake nufin a ƙara. Kunun kanwar mai jego ma ban bar shi ba. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji yana jego ba sai a kaina, saura kawai a tafasa ruwa a yi mini wankan ganye.

Bayan suna da ƴan kwanaki na sayo ƙafafun saniya, Inna ta yi ƙauri. Tun hantsi tukunyar take ɓararraka, ƙamshin yaji ya hana ni jin labarai a rediyo. Bayan la'asar aka turo mini rabona. Ana zafi irin na kafin ruwa, na tuɓe riga, na miƙe ƙafafu, na kama wani ƙashi da hannu biyu. Na ji ana cewa hadari ya haɗo daga gabas, na ji Inna ta fito kwashe tsumman jariri daga igiya, amma hankalina yana cikin ɓargon ƙashin, ina zuƙa.

Iskar farko ta zo ta sami bakin buhu a buɗe ta shige. Ina kallo labulena ya fara kumbura, ya yi ciki, ya fi nawa, ya zama kamar rumbu ya tashi tsaye. Jiragen ruwan suka miƙe kamar za su tafi Kwanni. Iska ta biyu ta zo, ƙusar gabas ta yi tsalle, ta yamma ta bi ta, abin ya tashi sama gaba ɗaya da wayarsa, ya tsallake katanga ya sauka a kan awakin maƙwabcinmu.

Ga ni zaune, babu riga, tumbi a gaba, maiƙo har gwiwar hannu, ƙashin saniya a bakina. Ga Inna tsaye a bakin rumfa, tsumma a kafaɗa, idonta cikin nawa.

Na rasa abin yi. In na cire ƙashin, na amsa cewa ci nake. In na bar shi, ga shi nan a bakina. Na bar shi. Miya ta gangaro ta haɓata ta ɗiga a cibiya, ban motsa ba. A can bayan katanga awaki suna ihu a cikin buhu, mai su yana salati.

Inna ta tsaya kamar an dasa ta. Sai na ga ta miƙa hannu gaba a hankali tana laluben iska, ta juya fuska wajen ɗaki.

"Ke ɗiyar nan, taho ki kama min hannu," ta ce. "Idon nan nawa ya ida mutuwa. Tun kaka ba ni ganin komi, in hadari ya taso dai sai duhu. Mai gida na nan kuwa, ko ya hita?"

Matata ta fito, ta dube ni, ta dubi uwarta, ta cusa bakin zane a baki.

"Ya hita, Inna," ta ce. "Tun ɗazu."

Ta ja uwarta zuwa ɗaki, kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa. Ni kuma da aka ce na fita, dole na fita. Na sa riga a kan maiƙon, na zagaya gidan maƙwabci, muka kwance awaki daga cikin jiragen ruwa ana tsuga ruwa a kanmu. Wata akuya ta riga ta cinye kusurwa ɗaya.

Abin da ban zata ba shi ne Inna ta riƙe maganarta. Tunda ta ce ba ta gani, to ba ta gani. In ina gida, da lalube take tafiya, ta dafa katanga, ta tambayi yara ina murhu. In na fita, matata ta ce, tsinke ba ya faɗuwa a tsakar gida ba ta gan shi ba. A ɗaka Inna ta farke buhun gida biyu, ta zura zare a allura da kanta, ta yi wa kowane kalmasa ta cusa tsakuwa a ciki don ya yi nauyi. Ɗaya ya koma bakin rumfa, ɗaya aka rataya a ƙofar ɗaki. Da na yaba ɗinkin, aka ce mini wata maƙwabciya ce ta taimaka.

Har na fara tsorata, na ce ko da gaske ne, in kai ta likita a duba idon. Matata ta yi dariya har sai da ta riƙe mara. Inna daga ɗaki ta aiko a ce mini an gode, ciwon na tsufa ne, ba ya jin magani, kuma a tambayi mai gida ko a ƙara miya.

Da aka yi arba'in na raka ta tasha. Ina gaba da tukunyar a kai, tana baya riƙe da bakin rigar babban yaronmu, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsallaka gulbi. Muna shiga ta hango wata mata can ƙarshen tasha, bayan motoci uku da tarin buhunan albasa, ta saki rigar yaron, ta ɗaga hannu ta ƙwala mata kira, ta ce ai ga ɗiyar maƙerin garinsu, har da sabon kallabi. Sai ta tuna ina tsaye. Ta sauke hannun, ta sake kama rigar yaron.

"Muryatta na ji," ta ce wa yaron.

Matar ko tari ba ta yi ba, rake take sha. Na ce haka ne, Inna, ni ma na ji, na miƙa wa kwandasta tukunyar ya ɗaure a saman mota.