Gidan Inna da Na Mayar Naira

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kaina, ina aikin akawu a wani shagon kayan gini a Sabon Gari, ina zaune a Samaru tare da mahaifiyata a gidan haya. Mahaifina ma'aikacin gona ne a jami'a, ya rasu tun ina sakandare. Daga Maraɗi ya auro Inna, a zamanin da naira ke da ƙarfinta. Na taso ina ganin 'yan'uwanta suna zuwa mana daga Nijar, a ba mutum 'yan nairori ya koma yana murna, don in ya canza su zuwa sefa sai aljihunsa ya cika. Tun daga nan na sa wa raina cewa kuɗinmu ne kuɗi. Ko da naira ta fara zamewa daga baya, ban ɗauki abin da zafi ba, na ce rashin lafiya ce ta ɗan lokaci.

Inna tana da gida a Maraɗi, rabonta na gadon mahaifinta. Ƙaramin gida ne na ƙasa, da rijiya a tsakiya. Ƙanenta, wato kawuna, shi ke kula da shi, yana sa 'yan haya yana aiko mata da abin da ya samu. Sai ga labari a rediyo cewa an karya darajar sefa, ta faɗi da rabi a rana guda. Hankalina ya tashi. A kasuwa kowa na cewa wannan somin-taɓi ne, za a sake karya ta. Na dawo gida na zauna gaban Inna, na ce mata gidan nan nata narkewa yake yi tana zaune, gara a sayar tun da sauran daraja, a mayar da kuɗin naira, in juya mata su a nan inda idonmu yake.

Ba ta amsa ba ranar. Ta ce dai a ɗakin da ke kusa da rijiyar aka haife ta. Na yi ta naci har makonni, ina kawo mata maganar abokaina da ta 'yan canji, har ta ce in dai na ga haka ya fi, ita ba ta da wani ɗa namiji sai ni. Kawu ya aiko cewa shi bai san komai game da canji ba, amma yana roƙo a bar wa yayarsa wurin da za ta sauka in ta zo gida. Na ce da ɗan aiken ya gaya masa gidansa ma ai gidanta ne. Haka aka sayar.

Da rabin kuɗin na sayi tsohuwar bas da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, rabi na ajiye a banki da sunanta. Shekarun farko mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi aure, na canza mata katifa, na sa mata fanka. Amma bas ta tsufa, kayan gyara suka yi ta tsada saboda faɗuwar naira, har na sayar da ita a matsayin ƙarfe. Na banki kuwa ba wanda ya taɓa su, suna nan yadda na zuba su har da ɗan ƙari, sai dai abin da za su iya saya ne yake ta raguwa kowace shekara. Sefa ba a sake karya ta ba. Naira ce ta yi ta gangarowa, har aka wayi gari sefa ɗaya ta fi naira ɗaya.

Da tsufa ya kama Inna, idonta ya fara raunana, sai ta fara maganar gida. Ba ta taɓa cewa na cuce ta ba. Tambayata kawai take yi ko abin da ke banki zai sayi ɗaki ɗaya a unguwarsu. Na kwashe su duka, na haɗa da abin da na tara, muka kama hanyar Jibiya ni da ita. A bakin iyaka na miƙa wa ɗan canji jaka guda cike da nairori, ya miƙo mini abin da ya shige aljihun rigata. A Maraɗi dillalai suka gaya mini ko fili a bayan gari ba zai saya ba.

Kawu ya riga ya rasu, a gidan ɗansa muka sauka. Washegari Inna ta ce in kai ta gidan da aka sayar. An rushe shi an yi na siminti, an sa ƙofar ƙarfe. Ta yi sallama, matar gidan ta fito, Inna ta gaya mata ko ita wace ce, ta roƙi a bar ta ta shiga. Matar ta yi mana kirki, ta shimfiɗa tabarma. Inna ta tambayi rijiyar, aka ce an cike ta tun tuni, ga famfo nan. Ta sha ruwan da aka kawo, ta yi wa mutanen gidan addu'a. Da muka fito ta dafa kafaɗata ta ce, “Mu koma Samaru, ɗan nan, na gani.” A ɗakin haya ta rasu bayan damina biyu.

Na rubuto wannan ne saboda ina jin matasa yanzu suna irin maganar da na yi, sai dai sun juya ta: a sayar da gona, a sayar da gidan tsoho, a sayi sefa ko dala tun naira ba ta ƙare ba. Ban san abin da gobe za ta yi ba, kamar yadda ban sani ba a wancan lokaci, kuma masu ba ku tabbaci ma ba su sani ba. Ku yi kasuwancinku da abin da kuka nema da hannunku. Amma abin da ke hannun iyayenku, in sun yi shiru da kuka kawo maganar sayarwa, ku saurari shirun nan. Ni na tambayi kowa a Sabon Gari yadda canji zai kasance, ban taɓa tambayar Inna inda take so ta tsufa ba.