Ranar da Na Yi wa Magen Inna Wankan Shanu

Tun da mahaifinmu ya rasu, Inna ba ta da abokiyar hira a gidanmu na Ruwan Bago sai wata mage mai ruwan toka. Ita ke tsare mata buhunan gyaɗa daga ɓeraye, ita ke kwanciya a gefen tabarmarta. Da damina ta yi nisa ƙuma ta kama magen, ta yi ta susa har gashin wuyanta ya zube.

Ni kuwa na zo daga Karaye da rawar kai, irin ta wanda ya ɗan zauna a gari. Na tarar Inna na taje magen tana tsince ƙumar ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina wannan ai aikin baban giwa ne. Na leƙa wajen maƙwabcinmu mai shanu na karɓo ragowar maganin kaska. A lissafina, abin da ya kashe kaskar bijimi ƙuma ba za ta gagare shi ba. Inna na fita barka, na dama shi a bokiti na tsoma magen.

Kafin la'asar ta fara dalalar da yawu, jikinta na karkarwa, ta kasa tsayuwa. Inna ta dawo ta same mu a haka. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai, me ka yi mata?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

Na kira wani likitan dabbobi a Rogo. Ya ce, "Malam, maganin shanu guba ne ga mage. Ku wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, ka kawo ta yanzu."

Inna ta wanke ta sau uku, ta naɗe ta a mayafinta ta miƙo min. Na hau acaɓa ina rungume da ita, ina salati har Rogo, aka yi mata allura.

Kwana biyu magen ba ta ci komai ba, Inna ma sai ta taɓa tuwo ta ture. Rana ta uku da hantsi magen ta taso tana tangaɗi, ta lashe nonon da ke ƙwarya, ta zauna tana lasar jikinta. Na ji kamar an sauke min buhun gero daga ka. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar.

Ta ce, "Kai ma je ka ci abinci."